Gudummawar masu kamun ƙafa ga 'yan takara: abin da dokar bayyanawa take nunawa da abin da ke kuɓuce mata

Wani mai karatu ya ce ya ji labarin cewa a Amurka mutumin da sana'arsa ita ce kamun ƙafa a wurin 'yan majalisa yana iya ba su kuɗin yaƙin neman zaɓe da rana tsaka, doka ba ta hana ba, muddin dai an rubuta an bayyana. Yana so ya san abin da ya raba wannan da cin hanci, kuma ko bayyanawar tana maganin wani abu.

Malam mai tambaya, abin da ka ji gaskiya ne a matakin tarayya. A idon dokar Amurka, sharaɗi ne ya raba gudummawa da cin hanci. Idan mai bayarwa da mai karɓa suka ƙulla cewa ga kuɗi, shi kuma zai kaɗa ƙuri'a kaza ko ya sa hannu a takarda kaza, wato ba ni gishiri in ba ka manda, to laifi ya tabbata ko da kuɗin sun bi ta asusun kamfen an kuma shigar da su cikin rahoto. Amma tun a 1991 Kotun Ƙoli ta ce idan gudummawar zaɓe ake magana, sai an nuna cewa an yi wannan ƙulli a fili kafin a kama ɗan siyasa da laifi. A 2016 kuma, a shari'ar tsohon gwamnan Virginia, Bob McDonnell, wanda shi da iyalinsa suka karɓi kyaututtuka da rance na kimanin dala 175,000 daga wani ɗan kasuwa, alƙalan kotun gaba ɗayansu suka soke hukuncin da aka yanke masa, bisa hujjar cewa shirya ganawa, ko buga wa wani jami'i waya, ko karɓar baƙuncin taro, su kaɗai ba su kai matsayin aikin hukuma da dokar cin hanci take nufi ba. Ka riƙe wannan da kyau, domin ganawar da kotu ta ce ba ta kai ba, ita ce ainihin hajar da mai kamun ƙafa yake saye yake sayarwa.

Kamun ƙafa a kansa halal ne, kuma babu majalisar da za ta yi aiki ba tare da shi ba. Kundin tsarin mulkin Amurka ya ba kowa 'yancin kai kokensa ga gwamnati, kuma asibitoci, jami'o'i, ƙungiyoyin ƙwadago da na masu kare muhalli duk suna ɗaukar masu kamun ƙafa kamar yadda kamfanonin mai da na magunguna suke yi. Ɗan majalisa yana fuskantar ɗaruruwan ƙudurori a shekara da ma'aikata ƙalilan, yawancinsu matasa, don haka yana buƙatar wanda zai fayyace masa abin da sashe kaza na ƙuduri zai haifar. Matsalar tana tasowa ne idan mutumin da ke kawo wannan bayani shi ne kuma yake kawo kuɗin da ɗan majalisar zai sake cin zaɓe da su.

Masu bincike sun daɗe suna neman hujjar cewa gudummawa tana sauya ƙuri'ar da ake kaɗawa a zauren majalisa, kuma abin da suka samu bai taka kara ya karya ba, domin jam'iyya da ra'ayin mazaɓa sun fi ƙarfi a wannan mataki, kuma sau da yawa mai kuɗi yana ba wanda dama ra'ayinsu ɗaya ne. Inda hujjar ta yi ƙarfi shi ne wajen samun shiga. Joshua Kalla da David Broockman sun wallafa wani gwaji a 2016, inda wata ƙungiya ta nemi ganawa a ofisoshin 'yan majalisa 191, a wasu wasiƙun aka ce masu zuwa 'yan mazaɓa ne kawai, a wasu aka ce masu ba da gudummawar siyasa ne. Inda aka ambaci gudummawa, damar ganin ɗan majalisar ko manyan ma'aikatansa ta ninka sau uku zuwa huɗu. Mick Mulvaney, tsohon ɗan majalisar wakilai daga South Carolina, ya faɗi haka da bakinsa a gaban taron masu bankuna a Afrilun 2018, inda ya ce a ofishinsa mai kamun ƙafar da bai taɓa ba su kuɗi ba ba ya magana da shi, wanda ya bayar kuwa mai yiwuwa ya saurare shi, ko da yake ya ƙara da cewa mutanen mazaɓarsa yana ganinsu ko sun bayar ko ba su bayar ba. Mintuna 15 da shugaban kwamiti kafin a rufe daftarin ƙuduri sun fi ƙuri'a ɗaya a zaure daraja, domin a nan ne ake ɗage ranar fara aiki da doka, ko a sauya ma'anar kalma ɗaya, ko a bar ƙudurin ya mutu a aljihun tebur ba tare da kowa ya kaɗa ƙuri'a ba.

Ga yadda abin yake a kusa. Doka ta hana neman gudummawa a cikin ginin gwamnati, saboda haka ɗan majalisa yakan fita daga ofishinsa ya taka 'yan mintuna zuwa hedikwatar jam'iyyarsa ko wani gida da ke kusa da majalisa. A can, da ƙarfe takwas na safe, akwai mutum goma ko goma sha biyu a kewaye da tebur ɗaya, kowanne ya zo da takardar gayyata wadda aka rubuta a ƙasanta abin da mutum ɗaya zai bayar da abin da kwamitin kamfani zai bayar. Ɗan majalisar zai yi ɗan jawabi a kan abin da kwamitinsa ke ciki, sannan a zagaya kowa ya faɗi sunansa da wanda yake wakilta da abin da ke damunsa. Mai kamun ƙafa da ya san aikinsa ba zai haɗa maganar cek da maganar ƙuduri a numfashi ɗaya ba, kuma ba ya ma buƙatar hakan, domin ma'aikacin da ke tsaye a bakin ƙofa yana riƙe da jerin sunaye. Abin ban mamaki shi ne, tun 2007 ƙa'idojin majalisa sun hana mai kamun ƙafa ya saya wa ɗan majalisa ko da abincin rana ne, amma yana iya zama da shi a wannan tebur ya miƙa wa kwamitin kamfen ɗinsa dubban daloli, kuma komai yana kan doka.

Dokokin kuɗin zaɓe a Amurka sun zo ne daki-daki, galibi bayan abin kunya. A 1907 aka haramta wa kamfanoni ba 'yan takarar tarayya kuɗi daga asusunsu, a 1947 haramcin ya tabbata a kan ƙungiyoyin ƙwadago. Bayan badaƙalar Watergate, wadda ta sa Shugaba Richard Nixon ya yi murabus, gyaran dokar 1974 ya sa iyaka a kan gudummawa ya kuma kafa hukumar FEC mai sa ido a kan kuɗin zaɓen tarayya. Duk wanda gudummawarsa ta wuce dala 200 sai kwamitin ɗan takara ya bayyana sunansa, adireshinsa, sana'arsa da wurin aikinsa. A zagayen 2023 zuwa 2024 mutum ɗaya yana iya ba ɗan takara dala 3,300 a kowane zaɓe, ana kuma ƙirga zaɓen fid da gwani daban da babban zaɓe, yayin da kwamitin da kamfani ko ƙungiya suka kafa da kuɗin ma'aikata ko mambobi, wanda ake kira PAC, yake iya ba da dala 5,000. A ƙarƙashin wannan tsari mai kamun ƙafa ɗan ƙasa ne kamar kowa, iyakarsa iyakar kowa, kuma a gurbin sana'a yana iya rubuta lauya ko mai ba da shawara ba tare da ya yi ƙarya ba.

Ta ɗaya ɓangaren akwai dokar 1995, wadda ta wajabta wa masu kamun ƙafa yin rajista a majalisun biyu, ta wakilai da ta dattawa, da bayyana wanda ya ɗauke su, nawa aka biya, da batutuwan da suke bi. Shekaru goma waɗannan rijistoci biyu suna tafiya kowace da hanyarta, har wani fitaccen mai kamun ƙafa, Jack Abramoff, ya nuna abin da ake iya yi a tsakaninsu. Abramoff ya karɓi miliyoyin daloli daga ƙabilun asali masu gidajen caca, yana nuna musu 'yan siyasar da za su ba gudummawa, yana ciyar da 'yan majalisa da ma'aikatansu a gidan abincinsa na Washington, har ya kai wasu wasan golf a Scotland. Ya amsa laifinsa a Janairun 2006, kuma ɗan majalisa Bob Ney na Ohio shi ma ya tafi gidan yari. Dokar 2007 da ta biyo baya ta mayar da rahoton kamun ƙafa duk wata uku, ta kuma ƙirƙiro wani rahoto na daban da ake miƙawa sau biyu a shekara, wanda a cikinsa kowane mai rajista zai lissafa gudummawar dala 200 zuwa sama da ya ba 'yan takara da jam'iyyu, har da kuɗin da ya kashe wajen bikin karrama wani jami'i. Ta kuma tsawaita wa'adin da tsohon sanata zai jira kafin ya koma kamun ƙafa a majalisa zuwa shekara biyu, na ɗan majalisar wakilai yana nan a shekara ɗaya.

Sashen wannan doka da na fi ganin hikimarsa shi ne wanda ya taɓo haɗa dami. Dala 3,300 ba ta sa sanata ya tuna sunan mutum, amma wanda ya tattaro cek 40 daga abokan aikinsa da shugabannin kamfanonin da yake wakilta ya kawo su a dami ɗaya, sanata ba zai manta da shi ba, alhali a rahoton FEC sunaye 40 ne warwatse ba tare da alamar hannun da ya ɗaure su ba. 'Yan siyasa sun san darajar wannan sarai, shi ya sa kamfen ɗin George W. Bush ya ware laƙabi na musamman ga masu tattaro dala 100,000 a zaɓen 2000, ya ƙara wani ga masu tattaro dala 200,000 a 2004. Dokar 2007 ta ce idan mai kamun ƙafa mai rajista ya tattaro fiye da dala 15,000 cikin wata shida, adadin da ake ɗagawa bisa hauhawar farashi, dole kwamitin ɗan takara ya bayyana sunansa da jimillar abin da ya kawo.

Duk wannan gini kuwa yana tsaye ne a kan kalma ɗaya, wato mai rajista, kuma a nan ne yake yoyo. Dokar ta ce mutum yana zama mai kamun ƙafa ne idan ya tuntuɓi jami'an da ta ambata fiye da sau ɗaya, kuma aikin ya ci aƙalla kashi 20 cikin 100 na lokacin da yake yi wa wannan mai hulɗa aiki cikin wata uku. Shi ne kuma yake auna lokacin nasa. Tsohon sanata da ke zaune a babban ofishin lauyoyi yana tsara dabara, yana faɗa wa yaransa wanda za su gani da abin da za su ce, yana buga waya ɗaya a daidai lokacin da ya dace, zai iya rantsuwa cewa bai kai ma'aunin ba. Adadin masu rajista ya kusa 15,000 a 2007, bayan 'yan shekaru ya sauko ƙasa da 12,000, alhali kuɗin da ake bayyana an kashe a kamun ƙafa bai bi shi ya sauka haka ba, har ma ya haura dala biliyan 4 a 2023. Ruwa ba ya tsami banza. Da aka tsananta wa masu rajista, kuma Barack Obama ya ƙi karɓar gudummawarsu ya kuma taƙaita ba su muƙamai a gwamnatinsa, sai rajista ta zama tabo, mutane da yawa suka soke ta suka ci gaba da aikinsu da sabon suna. Wanda ya fita daga rijista ya fita daga rahoton gudummawa da na haɗa dami gaba ɗaya.

Sai kuma hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Citizens United na Janairun 2010, wanda ya ba kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago damar kashe kuɗi ba iyaka wajen tallata ɗan takara ko sukarsa, muddin ba su haɗa baki da shi ba. Daga wannan hukunci da wani na kotun ɗaukaka ƙara a shekarar aka samu kwamitocin da ake kira super PAC. Mutane kan manta cewa a wannan shari'ar alƙalai takwas cikin tara sun goyi bayan bayyanawa, suna ganin ita ce za ta ba masu zaɓe damar yin hukunci da kansu. Abin da ya faru a aikace daban ne. Super PAC yana bayyana masu ba shi kuɗi, amma idan mai bayarwar wata ƙungiya ce da ta yi rajista a matsayin mai aikin jin daɗin al'umma, wadda doka ba ta tilasta mata fallasa masu ba ta kuɗi ba, to abin da mai karatu zai gani a rahoto suna ne mai daɗin ji da adadi mai sifiri shida. Ɗan takarar da aka yi wa hidimar yana iya sanin mai kuɗin, domin babu abin da ya hana a faɗa masa, jama'a ne kawai ba su sani ba. Wannan ya fi rashin bayyanawa gaba ɗaya muni a ganina, tun da yana ba da kamannin gaskiya.

Tilastawa ma tana da rauni. FEC tana da kwamishinoni shida, ba a yarda fiye da uku su fito daga jam'iyya ɗaya ba, kuma sai da ƙuri'a huɗu ake ɗaukar mataki, don haka manyan ƙorafe-ƙorafe sukan tsaya a uku da uku. Ta shafe watanni da dama a 2019 da 2020 ba ta da ma adadin da zai iya zama. Dokar kamun ƙafa ta tanadi tara har dala 200,000 da ɗaurin da zai kai shekara biyar, amma sai a 2020 aka fara gurfanar da wani mai kamun ƙafa da laifin karya ta, kuma wanda aka gurfanar ɗin Abramoff ne dai.

Za ka iya cewa to a haramta musu bayarwa kawai a huta. Wasu jihohi sun gwada. California ta hana mai kamun ƙafa ba da gudummawa ga jami'in da ya yi rajistar bi, jihohi da dama sun hana bayarwa lokacin da majalisa ke zama, kuma a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince da haramcin North Carolina. Connecticut kuwa, wadda ta yi dokarta a 2005 bayan badaƙalar da ta kai gwamna John Rowland gidan yari, ta ga wata kotun ta soke haramcin da ta ɗora wa masu kamun ƙafa a 2010, ta bar na 'yan kwangilar gwamnati, saboda badaƙalar ta 'yan kwangila ce. Haramcin yana da amfani, har wasu masu kamun ƙafa suna maraba da shi domin yana raba su da kiran wayar neman kuɗi, wanda ke nuna cewa matsin ba daga gefe ɗaya yake zuwa ba. Sai dai shi ma yana rataye ne a wuyan mai rajista kawai, kuma bai taɓa shugaban kamfanin da ya ɗauke shi ba.

Duba wasu ƙasashe yana nuna cewa kowace ta toshe wata kafa ta bar wata. Faransa ta haramta gudummawar kamfanoni tun 1995, Kanada ta kammala haramta ta kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago a matakin tarayya daga 2007, ta kuma sa iyakar mutum ɗaya ƙasa da dala 2,000 ta Kanada a shekara ga jam'iyya. Duk da haka a 2016 aka yi ta surutu a kan liyafar tara kuɗi a gidajen attajirai inda ake zama da Firaminista Justin Trudeau da ministocinsa, har aka yi doka a 2018 da ta wajabta sanar da irin waɗannan taruka tun kafin a yi su da bayyana waɗanda suka halarta. Birtaniya ba ta sa iyaka a kan gudummawa ba, tana dogara da bayyana abin da ya wuce fam 11,180 ga jam'iyya, kuma rijistarta ta 2014 ta shafi masu kamun ƙafa na haya ne kawai. Shi ya sa da aka gano a 2021 cewa tsohon Firaminista David Cameron ya yi ta aika wa ministan kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, saƙonni a madadin kamfanin hada-hadar kuɗi na Greensill, aka ce ba ya buƙatar rajista, domin shi ma'aikacin kamfanin ne.

Akwai hujja mai nauyi a kan bayyanawa wadda bai kamata a yi watsi da ita ba. A 1958 Kotun Ƙoli ta hana jihar Alabama tilasta wa ƙungiyar NAACP mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen fata miƙa sunayen mambobinta, domin a wancan zamani fitowar sunan baƙar fata a wannan jeri tana iya jawo masa korar aiki ko abin da ya fi haka. A zamanin intanet, malamin makaranta da ya ba da dala 250 kowa yana iya ganin sunansa da unguwarsa. Ni ina ganin wannan hujja tana kare ƙaramin mai bayarwa ne, kuma da za a ɗaga ma'aunin dala 200 ba zan yi jayayya ba. Ba ta kare wanda ake biya don ya rinjayi doka, domin shi ba ra'ayinsa na kansa yake bayyanawa ba, aiki yake yi wa wani.

Game da tambayarka ta biyu, bayyanawa tana maganin wani abu idan ta cika wasu sharuɗɗa. Dole ta zo da wuri, domin rahoton gudummawar mai kamun ƙafa da aka bayar a Janairu ba ya fitowa sai ƙarshen Yuli, lokacin da ƙudurin ya riga ya wuce kwamiti. Dole ma'anar mai kamun ƙafa ta bi aikin da mutum yake yi, ko ya kira kansa lauya ko mashawarci. Sannan abin da dokar kamun ƙafa ta Amurka ta rasa shi ne rijistar ganawa. Rahoton kamun ƙafa na Amurka yana cewa an tuntuɓi Majalisar Dattawa a kan ƙuduri kaza, ba ya faɗin wane sanata ko wace rana, yayin da a Kanada mai rajista yake miƙa rahoto duk wata yana ambata sunan babban jami'in da ya shirya magana da shi, ranar da aka yi, da batun. Ɗan jaridar Amurka yana iya ɗauko rahoton FEC ya ga cek ɗin da aka rubuta ranar 3 ga wata, ya ɗauko rahoton kamun ƙafa ya ga kamfanin da ƙudurin, ya ɗauko bayanan kwamiti ya ga gyaran da aka shigar ranar 20, amma ganawar da aka yi a tsakanin ranakun biyu sai dai ya samo ta daga bakin wani ma'aikaci da ya yarda ya yi magana.